Nasu Waje, Namu Ɗaki: Zama da Macizai Marasa Dafi

Duk gidan da yake da ɗan fili, da shuke-shuke, da wurin da ruwa ke kwanciya bayan an yi sama, to yana da maƙwabta masu jan ciki, ko mai gidan ya taɓa ganinsu ko bai taɓa ba. Maciji halitta ce mai son ɓuya, kuma yawancin waɗanda ke ratsa farfajiya suna shigowa su fita ba tare da kowa ya sani ba. Na daɗe da daina tunanin yadda zan raba gidana da macizai ɗungurungum, domin wannan buri ne da ba ya cika sai a ƙasashe irin su Ayalan da Niyu Zilan, waɗanda tun asali ba su da macizan tudu. Tambayar da nake ganin ta fi amfani ita ce ta iyaka, wato ina ne nasu, ina ne nawa, kuma wane aiki ne ya rataya a wuyana don kada su tsallako.

Masana sun ƙididdige nau'in macizai kusan 4,000 a duniya. Kimanin 600 daga cikinsu ne ke da dafi, kuma a cikin waɗannan ma kusan 200 ne kawai ke iya kashe mutum ko su yi masa mummunar illa. Ke nan mafi rinjayen macizai ba su da abin da za su yi wa ɗan Adam illa su tsorata shi. Duk da haka ba zan raina tsoron kowa ba, domin tsoron yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai na saran mutane kusan miliyan 5.4 a kowace shekara, kuma tsakanin 81,000 zuwa 138,000 na rasa rayukansu, ban da ɗimbin waɗanda ake yanke wa gaɓa ko suke nakasa. A 2017 hukumar ta sanya saran maciji a jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, sannan a 2019 ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi, kuma babu mai ganin laifinsa.

Saboda haka kafin a ce wani maciji marar dafi ne, wajibi ne a tabbatar, kuma a nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu da ƙa'idojin da suka ji a bakin wasu. Ana cewa mai dafi yana da faffaɗan kai mai kusurwa uku, alhali macizai marasa dafi da dama suna baje kansu idan sun firgita don su yi kama da masu dafi, gamsheƙa kuwa kanta ba shi da wannan siffa. Ana cewa ƙwayar idon mai dafi a tsage take a tsaye, alhali kumurci da mamba duk ƙwayar idonsu zagayayya ce, mesa kuma da ba ta da dafi tata a tsage take. Akwai macijin nan mai haɗiyar ƙwai na Afirka, wanda haƙoran kirki ma ba shi da su, amma zanen jikinsa da yadda yake goga ɓawon fatarsa yana fitar da ƙara duk kwaikwayon kububuwa ne, har mai gani ya rantse ita ce. Akwai kuma kishiyarsa, wani ɗan baƙin maciji mai zama a ƙarƙashin ƙasa, wanda a ido bai yi kama da abin tsoro ba, amma yana iya fito da haƙorin dafinsa ta gefen baki ya soki yatsan wanda ya riƙe shi ta bayan kai. Ko ƙwararru ba su tsira daga kuskuren ƙiyasi ba. A watan Satumba na 1957, Karl Schmidt, babban masanin dabbobi masu jan ciki a gidan adana tarihin halittu na Field da ke Shikago, ya ɗauki wani ɗan macijin bishiya na Afirka da ake kira bumslang domin ya tantance shi, macijin ya sare shi a babban yatsa, shi kuma ya ɗauka cewa ƙarami irin wannan ba zai iya kisa ba. Washegari ya rasu.

Ƙa'idar da nake bi ba ta da wuya. Kowane yanki yana da nau'o'in macizai 'yan kaɗan da ke yawan zuwa kusa da gidaje, kuma koyon waɗannan ɗin, musamman masu dafin cikinsu, aiki ne da mutum zai iya gamawa da littafin hotuna na yankinsa ko da taimakon masu kula da namun daji. Wanda na sani sarai, na san yadda zan yi da shi. Wanda ban sani ba kuwa, ina ɗaukarsa a matsayin mai dafi, in ja baya aƙalla mita uku, domin maciji yana kai sara ne zuwa kimanin rabin tsawon jikinsa, kumurci kuma yana iya fesa dafi a ido daga nisan mita biyu. Idan da hali sai in ɗauki hotonsa daga nesa da waya. A kowane hali ba na sa hannu.

Wani zai ce, in dai tantancewar tana da wuya haka, ai gara a kashe duk wanda aka gani a huta. Ban yarda da wannan ba, kuma dalilina na farko ba tausayi ba ne. Mai son kashe maciji dole ne ya matso kusa da shi, ya kuma rutsa shi a inda ba shi da hanyar gudu, wato ya haɗa sharuɗɗa biyun da ke sa maciji ya kai sara. Wani kaso na waɗanda ake kaiwa asibiti sun gamu da tsautsayin ne a lokacin da suke ƙoƙarin kashewa ko kamawa, kuma ko kan da aka sare yana iya cizo ya zuba dafi na ɗan lokaci bayan an raba shi da jiki. Dalili na biyu shi ne cewa kisan ba ya taɓa abin da ya kawo macijin. Idan ɓeraye na nan, tarin itace na nan, kafar ƙasan ƙofa na nan, to wani zai maye gurbinsa, kuma babu tabbacin cewa mai zuwan zai zama marar dafi kamar wanda aka kashe. Hasali ma akwai macizai marasa illa ga mutum waɗanda abincinsu wasu macizai ne, har da masu dafi, irin su wanda Amurkawa ke kira sarkin macizai da wani mai kaushin fata da ke Afirka. A wasu ƙasashe kuma doka ce ta hana. A Birtaniya, alal misali, dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kashe macizan ƙasar da gangan.

Amfanin da suke yi a farfajiya ya cancanci a faɗe shi ba tare da ƙari ba. Maciji ba ya cin abinci kullum, yana iya haɗiye ɓera guda ya kwana bakwai ko fiye yana narkar da shi, don haka maciji ɗaya ba zai ƙarar da ɓerayen unguwa ba. Abin da ya fi kyanwa da tarko da shi shi ne yana shiga har cikin rami ya cinye 'ya'yan da ke sheƙa, ɓera kuwa cikinta na makonni uku ne kacal kuma tana haihuwa sau da yawa a shekara. Idan aka tuna cewa ɓeraye na lalata hatsi, suna gaigayar wayoyin lantarki, suna kuma yaɗa cututtuka irin su zazzaɓin Lassa da wanda ake ɗauka daga fitsarinsu a cikin ruwa, za a ga cewa macijin da ke farauta a bayan katanga yana rage wa mai gida wani nauyi.

Akwai wani ɗan ƙarami da nake yawan gani a ƙarƙashin tukwanen furanni, wanda da yawa ke ɗauka tana ce. Bai cika wuce santimita 15 ba, baƙi ne mai sheƙi, kansa da jelarsa kusan ɗaya suke, kuma idanunsa ɗigo biyu ne da ƙyar ake gani. Idan aka ɗaga tukunyar aka tsaya aka lura, za a ga jikinsa ba shi da gaɓa-gaɓa irin na tana, za a kuma ga ɗan siririn harshe yana fitowa yana komawa. Abincinsa ƙwan tururuwa da gara ne da tsutsotsinsu, bakinsa bai isa ya ciji mutum ba, kuma nau'in da ya fi yaɗuwa a duniya duk mata ne, suna hayayyafa ba tare da namiji ba, abin da ya sa guda ɗaya da ta bi ƙasar tukunyar shuka ta isa ta kafa zuriya a sabuwar ƙasa. Irin wannan idan ya shigo ɗaki, da takarda ake kwashe shi a mayar da shi gindin shuka.

Abubuwa uku ne ke jawo maciji kusa da gida, wato abinci, da mafaka, da yanayin zafi ko sanyin da jikinsa ke buƙata. Jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa, don haka da safe yana neman dutse ko siminti da rana ta gasa, da tsakar rana yana neman inuwa mai laima, a ƙasashe masu tsananin sanyi kuma yana neman rami mai zurfi ko tsagar harsashin gini inda zai wuce hunturu. Ba mutum yake nema ba, kuma ɗaki a wurinsa kogo ne kawai mai sanyi wanda warin ɓera ke fitowa daga cikinsa. Da harshensa yake ɗauko ƙwayoyin wari daga iska da ƙasa ya kai su wata gaɓa da ke rufin bakinsa, kuma da wannan yake bin sawun ɓera har inda ɓeran ya shiga. Wannan ya sa nake cewa wanda ke ganin maciji a ɗakin ajiyarsa a kai a kai, ɓerayensa ya kamata ya fara tuhuma.

Aikin farfajiya sananne ne, ba sai na tsawaita ba. A riƙa yanke ciyawa gajere, musamman a kewayen gini, domin maciji ba ya son ratsa fili inda shaho zai hango shi. A ɗaga itace da katako da bulo da tsofaffin kwanon rufi daga ƙasa kamar santimita 30, a kuma nisantar da su daga bango. A sare rassan da ke taɓa rufi ko taga. A adana hatsi da abincin dabbobi a cikin mazubi mai murfi, a gyara famfon da ke ɗiga domin yana tara kwaɗi. Ban ce a share komai a bar fili fayau ba. Ni na bar can ƙuryar lambu da tarin ganye da duwatsu da gangan, domin na fi son wanda zai zauna ya zauna can, nesa da inda ake takawa.

Inda aikin gaske yake shi ne jikin ginin, kuma a nan ne mutane suka fi sakaci. Maciji ba ya haƙa bango, ba ya gaigayar katako, yana bin kafar da ya tarar ne kawai, kuma ƙaramin maciji yana iya kutsawa ta tsagar da ba ta wuce milimita 6 ba. Hanyar da nake bi wajen binciken ita ce in jira dare, in kunna fitilun cikin gida duka, sannan in fita da tocila a kashe in zagaya ginin a hankali ina duba ƙasa-ƙasa. Duk inda haske ya ɓullo, ƙofa ce. Abin da ya fi bayyana shi ne dogon layin haske a ƙasan ƙofar baya, inda katako ya ɗan cinye ko daɓe ya lotsa, sai kuma ɗan zobe na haske a kewayen bututun ruwa, inda mai aikin famfo ya fasa bango da faɗi ya zura bututu siriri bai cike ragowar ba. Da rana kuma sai in bi da fensir, duk tsagar da fensir ya shiga in yi mata alama da alli. Wuraren da suka fi ɓoye kafa su ne bayan wurin wanke-wanke, da inda wayar lantarki da bututun na'urar sanyaya ɗaki suka ratsa bango, da magudanar ruwan banɗaki, da ramukan shan iska, da tsakanin saman bango da rufi, domin macizai da yawa gwanayen hawa ne.

Toshewar ma tana da ƙa'ida. Tsagar bango da ta daɓe siminti suke so. Ramukan shan iska da bakin magudana ba a toshe su gaba ɗaya, ana rufe su ne da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu waɗanda ba su wuce milimita 6 ba, haka ma bakin bututun da ke fitar da iskar masai, wanda ta nan ne wasu macizan da ake tsinta a banɗaki suke biyowa. Ƙasan ƙofa ana liƙa masa roba ko burushi mai taɓa daɓe, kuma a riƙa duba shi domin yana cinyewa, musamman a kusurwoyi. Tsumma da takarda da kumfar da ake fesawa a rami ba sa daɗewa, ɓera zai gaigaye su ya sake buɗe hanyar, maciji kuma ya biyo shi. Abu guda da ya kamata a kiyaye shi ne kada a toshe rami alhali ana zaton akwai maciji a ciki, domin ko dai ya mutu a bango ya yi wari, ko ya nemi mafita ta cikin ɗaki. Wanda yake da yara ƙanana kuma yake zaune a yankin da masu dafi suka yi yawa yana iya kewaye wurin wasansu da shingen irin wannan raga, mai tsayin kusan santimita 90, a binne gindinsa a ƙasa, a ɗan karkatar da shi waje, kuma kada a bar ciyawa ta jingina da shi.

Magungunan korar maciji da ake tallatawa kuwa, ra'ayina a kansu ba mai daɗi ba ne. Farar wuta, da ƙwallayen kafur masu sinadarin naftalin, da na'urorin da ake cewa suna girgiza ƙasa, babu wanda aka tabbatar yana hana maciji wucewa idan yana da dalilin wucewa. Wasunsu ma cutarsu ta fi ta macijin da ake gudu, domin naftalin guba ne ga yara da dabbobin gida, yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kananzir da baƙin mai kuma suna gurɓata ƙasa da ruwan rijiya. Tarkon gam yana kama maciji, amma kamu ne na azaba, kuma yana haɗawa da ƙadangaru da tsuntsaye. Idan aka tarar da wanda aka tabbatar marar dafi ne ya maƙale a kai, ana zuba man girki a hankali a inda jikinsa ya liƙe har gam ɗin ya sake shi. Haka kuma ragar roba mai laushi da ake rufe shuka da ita tana sarƙe macizai, su kasa gaba su kasa baya, mai lambu kuma ya zo ya sa hannu bai sani ba.

Duk da wannan tanadi, wata rana ana iya samun wanda ya shigo, ko ta ƙofar da aka bari a buɗe ko a cikin kayan da aka shigo da su daga waje. Abin farko shi ne a fitar da yara da dabbobi, a bar mutum ɗaya yana kallonsa daga nesa, domin macijin da ya ɓace a cikin ɗaki ya fi wanda ake gani tayar da hankali. Idan an san shi kuma marar dafi ne, yawanci buɗe masa ƙofar waje da tura shi a hankali da doguwar tsintsiya ya wadatar, ko a kwantar da dogon bokiti a gefen bango a share shi ciki a rufe. Bin bango yake yi, don haka a gefen bango ake tare shi. Zai iya hura iska, ya kai saran banza, ya saki wani ruwa mai ɗoyi, wasu ma har su juya ciki sama su buɗe baki su yi kamar sun mutu, kuma duk wannan tsoro ne. Idan ba a san shi ba, a rufe ƙofar ɗakin, a cusa tawul a ƙasanta, a kira masu kama macizai. Wajen saki kuma ba a kai shi uwa duniya, domin macijin da aka jefa a wurin da bai sani ba yakan yi ta yawo yana neman gida har ya halaka. Daji ko ciyayi mafi kusa ya isa, matuƙar an gano ta inda ya shigo an toshe.

Masu kiwon kaji su ne suka fi samun saɓani da macizai marasa dafi, domin ƙwai da 'yan tsaki abinci ne, kuma tsabar da ke zubewa tana tara ɓeraye. Maganin akurki ɗaya ne da na ɗaki: ragar ƙarfe mai ƙananan idanu maimakon mai manyan idanu, kwashe ƙwai kullum, da share tsaba kafin dare. Yara kuwa abu uku nake koya musu, su tsaya, su ja da baya, su kira babba, kuma ba na nuna musu kama maciji ko da marar dafi ne, domin yaro ba zai bambance ba. Manya ma su riƙa sa takalmi rufaffe da riƙe tocila idan za su fita da dare, kuma kada a zura hannu a inda ido bai gani ba. Maciji ba shi da kunnen waje, amma yana jin girgizar ƙasa ta muƙamuƙinsa, don haka taku mai nauyi yakan ba shi damar kaucewa, ko da yake macijiyar da ake kira kasa takan kwanta shiru ta dogara da launinta, ita ce ma dalilin riƙe tocilar.

Idan tsautsayi ya faɗa aka yi sara, kuma akwai ko ɗan shakku game da irin macijin, asibiti za a nufa nan take ba tare da jiran alamu ba. A cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin in da hali maimakon ya taka. Ba a ɗaure gaɓa tamau, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, kuma ba a ɓata lokaci wajen farautar macijin, domin likita yana iya aiki da alamun da ke jikin majiyyaci da gwajin jini. Dafin da aka fesa a ido ana wanke shi da ruwa mai yawa kafin a tafi. Cizon wanda aka tabbatar marar dafi ne kuma ƙananan huji ne a jere, ana wanke su da ruwa da sabulu, a duba ko allurar rigakafin sandarewar jiki ta mutum ba ta tsufa ba, a kuma je a ga ma'aikacin lafiya idan wurin ya yi ja ko ya fara kumburi.